Bishiyar da Ba Ta Cikin Ciniki

A unguwar Tala Mellal gari sau biyu yake wayewa. Rana takan leƙo ta bayan dutsen gabas ta shafa rufin gidaje, sai wani tsauni mai kama da haƙorin kare ya tare ta, duhu-duhu ya dawo har kusan rabin awa, kaji su rasa abin yi su koma akurki. Daga nan sai ta sake fitowa da gaske. Mutanen wurin suna kiran ta farko safiyar masu gaggawa, ta biyu kuma safiyar masu hankali. Tsohuwar unguwa ce, a kwance cikin kwari, minti ashirin a bas daga birnin Bijaya. Tana da kwalta da kantin magani da makaranta, kowace ƙofa da lambarta. Amma gajimare bai san da wannan ba. Yakan sauko da hantsi ya bi layi kamar saniyar da ta ɓace, ya tura kai ta duk tagar da ya samu a buɗe.

Nan Mezyan ya zo duba gida ran wata Lahadi, a farkon sanyi. Shekara talatin da biyu ya yi a tashar jiragen ruwa, zaune cikin ɗan akwatin gilashi a ƙolin injin ɗaga kaya, daga shi sai tsuntsayen teku. Da ya ajiye aiki ya sauko, sai ya tarar matarsa Tasadit ce ta maƙale a sama. Gidan hayarsu a hawa na biyar yake, gwiwoyinta kuwa sun ce sun gama aiki. Wata takwas ke nan ba ta sauko ba. Duniyarta ta koma baranda da tukunyar na'ana'a da igiyar da take zura kwando da ita don mai sayar da gurasa ya saka mata. 'Yarsu ɗaya tana aure a Kanada, sai dai murya a waya. Don haka Mezyan ne ƙafarta, shi ne idonta. Gida goma sha ɗaya ya duba, kowanne ya dawo da aibinsa.

Dillalin, Lunis, gajere ne mai ƙaton agogon hannu da ya daɗe da tsayawa. In an tambaye shi lokaci sai ya dubi agogon, sannan ya dubi dutse, sannan ya faɗa, kuma bai taɓa kuskure ba.

Ya kira shi Dadda, wato yaya, ya ce, "Dadda Mezyan, wannan gidan ba sai na yi maka waƙa ba. Ɗaki uku, duk a ƙasa, ko dokin ƙofa babu. Magadan suna Faransa, sun manta ma launin ƙofarsa. Shiga kawai."

Mezyan ya shiga, amma bai ga ɗakunan ba. A tsakar gidan wata bishiyar zaitun ce tsaye, gangar jikinta a murɗe kamar wankin da aka matse aka manta. Manyan rassanta huɗu, kowanne ya nufi nasa gefen, 'ya'ya baƙi wuluk har sun rinjayo ƙasa. Iska ta zo ta juya ganyen, bishiyar ta koma azurfa, ta dawo kore. Ya lura da ɗigon fenti a gindin rassan, ja da shuɗi da fari, na huɗun babu komai. Ya ɗauka maganin tururuwa ne. Shi ɗan bakin teku ne, abin da ya sani game da zaitun a cikin kwalba yake.

Da la'asar ya haura gida yana haki, ya ce, "Tasadit, na samo. Ba matakala ko ɗaya. Ga bishiyar zaitun a tsakiya, tamu mu kaɗai."

"Mu kaɗai?"

"Mu kaɗai."

"Kaurinta fa?"

"Mutum uku ba za su rungume ta ba."

Ta dube shi ta daɗe, ta ce, "Uhm." Ta ƙara masa miya a kan kuskus.

Wannan kalma ta "kaɗai" tana da tarihi a wurin Mezyan. Ubansa ɗan dako ne, da ya rasu bai bar komai ba sai alfadari guda ga 'ya'ya biyar. Aka raba shi da kwanaki, Mezyan ya sami Talata. Kowa ya yi aiki da shi a ranarsa, ya bar wa na gobe ciyarwa. Kafin shekara alfadarin ya kwanta a bakin kasuwa bai tashi ba, kuma ran Talata ce, don haka shi aka ɗora wa laifi. Tun daga ranar ya rantse ba zai ƙara mallakar abin tarayya ba, ko da cokali ne. Abin da yake so a gida shi ne ƙofar da in ya rufe ta rufu.

Washegari ya koma da igiyar awo don ya gwada faɗin ƙofofi. Ya tarar ƙofar gidan a buɗe, wata tsohuwa cikin jan zane mai ratsi zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta ɗaga kai tana yi wa reshe faɗa.

Ya kira ta Nanna, yadda ake kiran babbar mace a wurin, ya ce, "Salamu alaikum, Nanna. Ko ɓatan hanya kika yi?"

"Ni? Na riga katangar nan zuwa nan, ɗana. Wardiya sunana. Kai ne na bakwai."

"Na bakwai a me?"

"A masu zuwa su shafa ta su ce tasu ce. Matsa, kana taka mini 'ya'ya."

Ta nuna masa da sandarta. Lokacin da birni ya rarrafo cikin kwarin, kakan mijinta ya sayar da ƙasar, amma bai sayar da bishiyar ba, domin ƙasa daban, itace daban, kowa ya san haka. Jan reshe nata ne. Shuɗin na Akli wanzami ne. Farin na wani Belkasem ne da ya tafi Faransa shekara arba'in da suka wuce, ko wasiƙa babu, amma duk shekara ana kaɗe masa rabonsa a matse a ajiye. Tuluna arba'in suna jere a ɗakin Wardiya suna jiran sa, na farkon sun koma kamar zuma.

"Na huɗun fa? Marar fentin?"

"Na mai wucewa ne. Duk wanda ya bi ta layin nan yana da haƙƙi ya shigo ya ɗiba. Ba ka lura ƙofar ba ta da sakata ba?"

Bai lura ba. Ya je ya duba, ko ramin sakatar ba a taɓa huda ba.

Ya sami Lunis a gidan gahawa, ya tsaya a kansa. "Kai ɗan nan, haka ake yi? Ka nuna mini gida da cibiyarsa a hannun mutane?"

"Dadda, gida ka tambaye ni, ba ka tambaye ni bishiya ba. Fenti har kala uku, ni na ɗauka ka karanta. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Zauna ka sha gahawa, fuskarka ta yi kalar reshen Nanna Wardiya."

"To zan saye ta. Reshe-reshe."

Lunis ya dubi agogonsa da ba ya aiki, ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Sai dai ka hanzarta, akwai wani likita daga birnin Aljir da ke son gidan. Laraba bayan la'asar zan ba shi amsa."

Ran Talata Mezyan ya fara da Wardiya. Ta saurare shi har ƙarshe tana ɓare busasshen ɓaure, ta tsoma cikin mai ta miƙa masa.

"Ci. Daga jan reshen ne. Sadakina ne wannan reshen, ɗana. Mijina ba shi da zinariya, sai ya kawo ni nan ya ce, daga nan zuwa can naki ne. Shi ya mutu, reshen yana nan yana haihuwa. Kai in kai ne, wanne za ka sayar?"

Ya wuce shagon Akli. Wanzamin bai yarda a yi magana a tsaye ba, sai da ya zaunar da shi ya shafa masa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa.

"Zan sayar maka, Dadda, wallahi, ran da Wardiya ta sayar. Ka ga wani ɗan tsiro da ya fito tsakanin ja da shuɗi? Shekara talatin muna shari'arsa ni da ita. Ita ta ce daga nata ya fito, ni na ce ido gare ni. Liman uku sun mutu a kan maganar. In na sayar yau, gobe za ta yi guɗa ta ce na gudu. Kar ka motsa, ga jijiya nan."

"'Ya'ya nawa tsiron yake yi?"

"Bara tara. Wani tsuntsu ya ci biyu, muna zargin nata ne."

Belkasem kuwa ba a san ko yana raye ba. Mai wucewa kuma ba shi da adireshi. Lunis ya ce in yana so ya tsaya a bakin titi ya riƙa tambayar kowa, wataƙila kafin tashin duniya ya gama.

Duk yammacin kwanakin nan, in ya haura gida, ƙarya yake ƙarawa a kan ƙarya. Ya kasa ce mata abin da ya yi alkawari ba nasu ba ne. Sai ya ba ta labarin inda za ta ajiye kujera, da yadda za su rufe ƙofa su ji shiru, ba ƙafar kowa, ba muryar kowa. Yana faɗa yana ganin abin a idonsa, har ya kusa yarda. Ita kuwa tana kallon teku ta tsakanin ƙarafan baranda.

Ran Laraba ya koma tun safiyar masu gaggawa, don ya yi wa gidan kallon ƙarshe. Ya zauna ya jingina da gindin bishiyar. Tsaunin nan ya tare rana, duhu-duhu ya dawo, gajimare ya shigo ta ƙofar da ba ta da sakata ya kwanta a tsakar gida. Barci ya ɗauke shi.

Ya yi mafarki yana cikin akwatinsa na gilashi, ya zura ƙugiya ya kama gidan ta rufi ya ɗaga. Gidan ya taso da ɗakunansa uku, ba nauyi, kamar kwando. Amma bishiyar ta tsaya a ƙasa, ta bar rami a tsakiyarsa. Ya yi ta yawo da gidan a sama, bisa duwatsu, bisa teku, yana neman inda zai ajiye shi babu kowa. Tasadit tana zaune a bakin ramin ta zura ƙafafunta, tana leƙen ƙasa, tana cewa, "Can na ga hayaƙi, sauke mu can." Shi kuwa yana cewa a bari a ƙara gaba kaɗan. Igiyar tana ta tsawo, gidan yana ta ƙanƙancewa, har muryarta ta koma kamar ta sauro.

Wani abu ya faɗo masa a goshi, ya farka. Ya tarar da kansa cikin raga. Ashe ranar aka fara kaɗar zaitun, mata sun shigo sun shimfiɗa ragoginsu, da suka ga ba ya motsi suka shimfiɗa ta kansa. Wani ma ya lulluɓe masa ƙafa da bargo. Akli yana bisa tsani da doguwar gora, Wardiya tana ƙasa tana yi masa tsawa, mata biyar suna tsinta suna waƙa, wani mai sayar da kifi da ya zo wucewa ya jingine kekensa yana cika hularsa daga reshen da ba fenti.

Wardiya ta ce, "Kar ka tashi! Akwai guda a cikin kunnen rigarka, daga nawa ya faɗo."

Akli ya ce daga sama, "Ƙarya ne, Nanna, a idona ya bar shuɗi."

"Idon da ka aske wa liman gira da shi?"

Matan suka fashe da dariya. Wata ta miƙo wa Mezyan gurasa mai zafi ta cikin ragar, kamar ana ciyar da tsuntsu. Ya karɓa ya ci, don ba yadda zai yi, kuma gurasar ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Ya ƙirga ƙafafu a tsakar gidan, ya kai ashirin da biyu ya bari. Aka ce masa kaɗar takan ɗauki mako biyu, sannan akwai rage rassa a bazara, da zuwa duba fure, da zuwa duba ko an duba furen.

Da azahar ya ajiye wa Lunis makullin ɗakunan gidan, wanda ya ba shi tun ran Lahadi, a kan tebur.

"Ba wa likitan."

"Ka tabbata, Dadda? Shi ya ce katanga zai zagaye bishiyar da ita, ya fitar mata da ƙofa ta baya. Kowa ya shiga ta can ya kaɗa ya fita, ba mai ganin wani."

Mezyan ya ce, "Mai hankali ke nan." Amma a cikin bas ya yi ta ganin bishiyar a tsakanin bango huɗu, iska na neman ganyenta ba ta samu.

Ya haura gida a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Tasadit tana baranda tana tsince ƙananan wake a faranti. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da bai taɓa yi ba, ya faɗa mata komai: ja da shuɗi da fari, tuluna arba'in, mai kifi da hularsa, da makullin da ya mayar.

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Mezyan, a ƙauye aka haife ni, a kan dutse. Ka taɓa jin zaitun da mutum uku ba sa rungumewa yana da mai shi guda? Tun ran Lahadi na sani. Jira nake ka gama zagayenka."

"Kin sani kika bar ni ina ta zuba?"

"Labarin yana maka daɗi, na ce bari yaro ya yi wasa. Mutum nawa ka ce ka tarar yau?"

"Goma sha ɗaya."

"Mata nawa?"

"Shida, da tsohuwar."

"Tana da baki?"

"Kamar almakashi."

Tasadit ta ajiye farantin.

"Wata takwas, Mezyan. Ka san mutum nawa suka hauro nan don su gan ni? Mai karanta mitar ruwa, sau biyu. Ko faɗa ban samu na yi da kowa ba sai kai, kai kuma ba ka iya ba, sai ka yi shiru ka tafi kallon jirage. Kullum kana ce mini za mu rufe ƙofa mu ji shiru. Ni shirun nan na ci shi na ƙoshi, har ya fara fito mini ta hanci. Ka samo gidan da dole mutane su shigo, ko suna so ko ba sa so, ka je ka mayar da makulli?"

Mezyan ya buɗe baki zai kawo rantsuwarsa, ya ji ta yi masa ƙanƙanta a harshe. Ya dubi barandar, taku uku a tsaye, taku ɗaya a kwance, da gilashin da ya sa aka kafa mata bara don iska. Shi ya zaɓi zama a sama cikin akwatinsa na gilashi, kuma da an busa ƙahon tashi daga aiki da yamma sai ya sauko. Ita ba wanda ya busa mata.

Ya tashi ya ɗauki waya ya kira Lunis. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, domin Lunis in ya ci abincin rana ko gobara ba ta tashe shi.

Ya ce, "Zan koma. Akwai bas ɗin ƙarfe uku."

"Za mu koma. Na gaji da aike. Ɗauko mini mayafi da matashi."

"Tasadit, hawa biyar ne."

"Na san lissafi. Gwiwa ce ta mutu, mazaunai suna nan lafiya."

Ta zauna a kan matakalar farko, ta sa matashin a ƙarƙashinta, ta zame zuwa ta biyu. Ta tsaya ta numfasa, ta zame zuwa ta uku. Mezyan yana gabanta yana sauka da baya, takalmanta a hannu ɗaya, ɗayan a miƙe ko za ta kama, ba ta kama ba. A hawa na huɗu wata ƙofa ta buɗe, matar gidan ta dafe ƙirji.

"Nanna Tasadit! Lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Gida za mu saya. Kauce, kina tare mini hanya."

A hawa na uku gumi ya jiƙa mata mayafi, suka huta. Haske yana shigowa ta wata 'yar taga mai fasasshen gilashi, ƙura tana iyo a cikinsa a hankali kamar ƙananan kifaye. Mezyan ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tata.

Ya ce, "Amma da sharaɗi. Ina son ɗaki guda mai sakata. Nawa ni kaɗai, ba reshe, ba mai wucewa."

"Ba ka ce akwai banɗaki ba?"

"Tasadit!"

"To, to. Ƙaramin ɗakin naka ne, ka sa masa sakata bakwai, in mai kifi ya ƙwanƙwasa in ce ba ka nan. Wancan ɗan tsiron da suke shari'a a kai, ta wane gefe ya fi karkata?"

"Me ya dame ki da shi?"

"Ina so in san bayan wa zan bi kafin in isa."

Ya rufe ido ya hango shi, siriri, da 'ya'yansa bakwai ko tara, yana lilo tsakanin ja da shuɗi. Ya ce a ganinsa wanzamin ne da gaskiya.

Ta ce, "Madalla. Ni ina bayan tsohuwar. Tashi mu je, kar likita ya riga mu."

Ta gyara matashin, ta zame zuwa matakala ta gaba.